Tsohuwar mota da lambar taya irin ta da: wace ta zamani ce za ta zauna daidai?

MaiKunkuru67: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ga masana. Motoci biyu ne, Volkswagen Beetle ta 1967 wadda littafinta ya ce 5.60-15, da Peugeot 504 salun da aka rubuta wa 175 SR 14. Tayoyin yanzu kusan duk lambobi uku ne a jikinsu, irin su 185/65R15 ko 175/65R14. Wasu na cewa in dai lambar ƙarshe ta yi daidai da wili a saka kawai, wasu kuma na cewa a ƙara faɗi don mota ta fi kama titi. Yaya ake fitar da lambar zamani da ta dace da ta da? Kuma me ke lalacewa idan aka kuskure?

Bakanike_Tsoho: Wa alaikumus salam. Malam, wannan magana ta "in wili ya yi daidai a saka" ita ke sa ka ga 504 ta durƙusa kamar an jibga mata kaya. Lambar ƙarshe tana gaya maka cewa tayar za ta shiga wilin, iyakarta ke nan. Abin da za ka fara nema shi ne tsayin tayar gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, domin a kansa aka lissafa giya da maleji da nisan cikin mota daga ƙasa. Bayan tsayi sai faɗin wilinka, sannan nauyin da tayar ke ɗauka da gudun da aka yarje mata. Faɗin taya shi ne na ƙarshe a layi.

Injiniya_Lissafi: Bari in ajiye lissafin yadda kowa zai iya yi da kansa. A 175/65R14, 175 faɗin taya ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, R radiyal ce, wato taya wadda zarurrukan jikinta ke tafiya kai tsaye daga gefe zuwa gefe, 14 kuma girman wili ne a inci. Don samun tsayin taya, ka ninka tsayin gefe sau biyu, ka haɗa da girman wili bayan ka ninka shi da 25.4.

Tsofaffin radiyal da ba su da lambar tsakiya, irin 175R14 ko 165R15, ana ɗaukar gefensu a matsayin 80. S ɗin da ke tsakiyar 175 SR 14 alamar gudu ce, kilomita 180 a awa. Saboda haka 175 SR 14 ita ce ake rubutawa 175/80R14 yanzu, kuma tsayinta 280 a haɗa da 355.6, wato milimita 635.6.

Ga yadda sauran suke fitowa a kan wili 14:
175/65R14, milimita 583.1
175/70R14, milimita 600.6
185/70R14, milimita 614.6
195/70R14, milimita 628.6
185/75R14, milimita 633.1

Ka ga 175/65R14 da ake yawan tura wa mutane ta gaza da milimita 52, sama da kashi 8 cikin ɗari. Motar za ta sauka da milimita 26, inji zai ƙara juyi da kusan kashi 9 a kowane gudu, kuma idan maleji ya nuna 100, ainihin gudunka bai kai 92 ba. Abin da aka saba bi shi ne kada bambanci ya wuce kashi 3, in an samu ƙasa da 2 ya fi.

Dan_Geji: Injiniya, ɗan gyara kaɗan. Da yawa daga radiyal na farko gefensu 82 ne, shi ya sa 145R10 ta Mini ke fitowa wajen 492 a takardar kamfani, alhali lissafin 80 yana ba da 486. Ba wani babban abu ba ne, amma wanda ke son daidaito ya nemi tsayin da kamfanin ya rubuta wa ainihin tayar da zai saya. Taya biyu masu lamba ɗaya daga kamfani daban-daban suna iya bambanta da milimita biyar zuwa goma a tsayi ko faɗi.

Injiniya_Lissafi: Haka ne, Dan_Geji. Lissafi na tace jerin ne, takardar kamfani ke yanke hukunci.

Sitiyari_Zalla: To ai ta Beetle ta zo da sauƙi. 195/65R15 tsayinta 634.5, ga ta ko'ina, ga faɗi. Me ya rage?

Bakanike_Tsoho: Wili ya rage, ɗan'uwa. Beetle ta 1967 wilinta faɗin inci 4 ne, za ka ga an buga 4J x 15 a jikinsa. Ita kuwa 195/65R15 ba a yarda a ɗaura ta a kan abin da bai kai inci 5.5 ba. In ka tilasta ta a kan inci 4, leɓunanta biyu za su matso kusa da juna, tsakiyar zanen ya kumburo waje. Tsakiya ce kaɗai za ta riƙa cin titi, ta suɗe da wuri, gefe kuma ya riƙa lilo a kwana. Faɗin da ka biya kuɗinsa ba zai taɓa ƙasa ba. Ƙari a kan haka, a gaba tana iya gogar jiki idan aka ƙure sitiyari.

Wanda bai ga lambar a jikin wili ba ya auna, amma daga ciki, tsakanin wuraren da leɓen taya ke zama. Idan ka auna daga baki zuwa baki ta waje za ka samu ƙarin kusan inci ɗaya, ka yaudari kanka.

Hajiya_404: Malam MaiKunkuru, lambar 5.60-15 tsarinta daban ne. 5.60 faɗi ne a inci, wajen milimita 142, kuma ɗan layin da ke tsakiya maimakon R yana nuna taya ce mai zaren gicciye, wadda zarurrukan jikinta ke haye juna a karkace. Irin masu lamba 5.20, 5.60, 5.90, 6.40 da 6.70 gefensu dogo ne ƙwarai, wajen kashi 95. Masu irin 6.50, 7.00-13 da 7.50-14 da suka biyo baya sun sauko wajen 88, sai su 6.45, 6.95 da 7.35 da suka kusanci 82. Wannan ne dalilin da ya sa ba a juya inci zuwa milimita kawai a ce an gama. Idan ka ce 5.60 daidai take da 145, ka sayo 145R15, tsayinta 613 ne, alhali 5.60-15 tana wajen 650.

Zaɓinka na gaskiya biyu ne: 155R15 mai tsayi 629, ko 165R15 mai tsayi 645. Ni 155 nake ba da shawara, domin ita ce lambar da Volkswagen da kansu suka ba Beetle a radiyal, kuma ta fi dacewa da wili mai inci 4.

Injiniya_Lissafi: Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Idan tsayi muke bi, 165R15 ce ta fi kusa, bambancinta da 5.60-15 bai kai kashi 1 ba, ita kuwa 155 ta gaza da kusan kashi 3. Injin Beetle iska ke sanyaya shi, ƙarin juyi a doguwar tafiya ba alheri ba ne gare shi. Kuma inci 4 yana cikin iyakar da aka yarje wa 165R15, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta.

Hajiya_404: A bakin iyaka yake, shi ne abin da ban so. A kan inci 4.5 na Beetle ɗin shekarun 1970 ba ni da ja. A kan inci 4 kuwa 165 tana ɗan yin ciki, sitiyari ya ƙara nauyi wajen fakin, amsawarsa kuma ta ragu. Sannan a duba ramin safaya da ke gaba, a wasu motocin 165 mai cikakkiyar iska da ƙyar take shiga. Batun sanyaya kuma, fanka tare da inji take juyawa, kashi 3 ba zai dafa shi ba.

Dan_Geji: Duka biyun ana amfani da su, kuma babu wadda za ta cutar da motar. Abin lura ɗaya: wayar malejin Beetle daga tayar gaba ta hagu take karɓar juyi. Wanda ya sa 155 a gaba da 165 a baya, malejinsa tayar gaba zai bi, giyarsa kuma ta bi ta baya. Amma safaya ɗaya ba za ta dace da duka biyun ba, a san da wannan.

MaiKunkuru67: Na gode ƙwarai. Wato a Beetle tsakanin 155R15 da 165R15 ne. To idan an koma radiyal daga mai zaren gicciye, akwai abin da ake canzawa a jikin motar?

Oga_Alaimen: Akwai, Malam. Na farko iska. Radiyal tana son ƙari a kan ta da. A Beetle littafi yana ba mai zaren gicciye 16 a gaba da 24 a baya a ma'aunin psi idan mutum ɗaya ko biyu ne a ciki, radiyal kuma 18 da 27. Wannan tazara tsakanin gaba da baya kada a taɓa ta. Inji a baya yake, nauyi a baya yake, kuma tayoyin bayan irin wannan shekarar suna karkata ciki idan mota ta ɗaga a kwana. Mai faci da ya buga 32 a duka huɗun zai ba ka mota mai yawo a gaba, bayanta kuma yana neman wuce gabanta a kwana.

Na biyu alaimen. Mai zaren gicciye ana ba ta ɗan matsewar gaba mai yawa, wato bakin tayoyin gaba su kalli juna kaɗan. Radiyal ba ta buƙatar haka sosai, a saita a ƙarshen ƙasa na abin da littafi ya yarda, in ba haka ba za ta ci gefen waje.

Na uku, radiyal tana kama ƙasa fiye da ta da, saboda haka duk wani sako-sako da ke ɓoye a boljoyin, tayarod, boris ko akwatin sitiyari zai fito fili. A gyara su kafin a sa sabuwar taya. Tsohon wili mai ribit shi ma a duba shi da kyau ko ya fara tsagewa a kewayen ramukan noti, domin radiyal tana lanƙwasa bakin wili fiye da yadda aka saba masa. Shi ne ma dalilin da ya sa murfin wili ke fita ya faɗi a kwana a wasu tsofaffin motoci bayan an canza.

Bakanike_Tsoho: In ƙara a kan na Oga: kada a haɗa radiyal da mai zaren gicciye a aksil ɗaya ko da na kwana ɗaya ne. Haka nan radiyal a gaba da mai zaren gicciye a baya haɗari ne tsantsa, gaba zai riƙe, baya ya zame. A Ingila ma doka ta hana wannan haɗin. Safaya ita ma ta zama irin sauran.

Baba_Landroba: Tun da an buɗe fage, ku ba ni dama in kawo na masu Land Rover. Gajeriyar mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya da 6.00-16 ta zo, doguwar mai inci 109 kuma 7.50-16. Wadda ta dace da 6.00-16 a tsayi ita ce 205R16, wato 205/80R16, wajen milimita 734. Ita kuwa 7.50-16 ana kwatanta ta da 235/85R16 mai tsayi 806. Tsayin ya yi, amma matsalar da Bakanike ya faɗa tana nan: wilin doguwar inci 5.5 ne, 235/85R16 kuma daga inci 6 take farawa. Mafita mai sauƙi ita ce 7.50R16, radiyal ce mai tsohuwar lamba, har yanzu ana yin ta, tana zama a kan 5.5 lafiya lau. Wanda ya sa 7.50 a gajeriyar da aka yi wa 6.00, ya san malejinsa zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudu da kusan kashi 10, birki kuma zai ji a jikinsa domin taya mai tsayi ta fi wuyar tsayarwa.

Sitiyari_Zalla: Na karɓi gyara a kan 195. Amma har yanzu ban gamsu cewa faɗi ba shi da amfani ba. Idan mutum ya canza wili zuwa mai inci 5.5 ko 6 fa?

Hajiya_404: Zai shiga, amma ka dubi yadda aka ƙera motar. Tsohuwar mota tana kwantawa gefe sosai a kwana, tayarta kuma tana karkata tare da ita. Shi ya sa tayoyin zamaninta kafaɗarsu a zagaye take, duk yadda ta karkata akwai roba a ƙasa, kuma idan za ta saki tana saki a hankali, direba ya ji a hannunsa. Tayar zamani mai faɗi da gajeren gefe kafaɗarta a miƙe take, an yi ta ne don motar da ke riƙe taya a tsaye. Ka sa ta a motar da ke kwantawa, sai ta hau kan kafaɗa, ta riƙe ta riƙe, sannan ta saki gaba ɗaya ba gargaɗi. Ga nauyin sitiyari a motar da ba ta da fawa, ga bin layin titi, ga ruwa da mai faɗi ke saurin hawa kansa a motar da ba ta da nauyi. A miƙaƙƙen titi busasshe birki zai ɗan fi kamawa, wannan gaskiya ne, amma da tsada ake sayensa.

Oga_Alaimen: Kuma sabon wili yana zuwa da nasa lissafin, wato inda fuskar da ke manne da hob, cibiyar da ake ɗaure wili a kai, take dangane da tsakiyar wilin. Idan ta tura tayar waje, nauyi ya koma kan boris na waje, sitiyari kuma ya riƙa fizga idan taya ɗaya ta faɗa rami.

Mai_Impala: Ga masu motocin Amurka, lambobinsu sun bi matakai uku. Akwai na inci irin 6.70-15 da 7.50-14, sai masu harafi da suka shigo ƙarshen shekarun 1960 irin F78-14 da G78-15, inda harafin ke nuna girma da nauyin da take ɗauka, 78 kuma tsayin gefe. In ka ga R bayan harafin, kamar GR78-15, radiyal ce. Na uku su ne na milimita irin 205/75R15. Abin da aka saba sakawa:
6.70-15 ko F78-15, 205/75R15
7.10-15 ko G78-15, 215/75R15
7.60-15 ko H78-15, 225/75R15
8.20-15 ko L78-15, 235/75R15
7.50-14 ko F78-14, 205/75R14
Sai dai a lura, waɗannan sun fi na asali faɗi nesa ba kusa ba, kuma na 15 ɗin sukan ɗan gaza a tsayi. 6.70 inci milimita 170 ne kawai, ka ga 205 ta ɗara ta da 35. A motocin da aka rufe rabin tayar baya da murfi, a gwada ɗaya kafin a sayi huɗu.

Farin_Gefe: Mai_Impala, batun farin gefe fa? Akwai zoben farar roba da ake maƙalawa tsakanin wili da taya.

Mai_Impala: Wannan zoben don mai zaren gicciye aka yi shi, wadda gefenta ba ya motsi sosai. Gefen radiyal yana lotsawa a kowane juyi, zoben sai ya riƙa gogarsa har ya ci robar, ko ya fita. Wanda ke son farin gefe ya sayi wadda aka ƙera da shi. Kamfanin Coker a Amurka yana yin radiyal masu farin gefe, har da masu kamannin tayar da daga waje.

Faransa_Tsohuwa: Akwai tarkon da ba a ambata ba, kuma ya shafi Hajiya da masu Peugeot da Citroën. Faransawa sun riƙa rubuta girman wili a milimita. 165x380 na 404 ba wani abu ba ne illa 165R15, haka 125x380 na 2CV 125R15 ce, 175x355 kuma 175R14. Waɗannan babu damuwa. Amma 400, irin 165x400 na Traction Avant da DS na farko, girma ne mai zaman kansa. Ba 15 ba ne, kuma bai kai 16 ba wanda yake wajen 406. Tayar 16 za ta yi masa sako-sako, ta 15 ba za ta hau ba. Sai tayar 400, kuma Michelin na yin ta har yanzu.

Haka TRX da Michelin suka fito da ita a 1975, mai wili 340, 365, 390 da 415, irin 220/55 VR 390 da ke kan wasu BMW. Bayan girman, siffar bakin wilin ma daban ce. Ko dai TRX, ko a canza wili huɗun.

Bakanike_Tsoho: Wannan gargaɗi ya kai a maimaita shi ga masu faci. Haka abin yake da wili 16.5 na wasu tsofaffin motocin ɗaukar kaya na Amurka: tayar 16 tana iya hawa kansa, amma leɓenta ba zai zauna ba, in aka ci gaba da buga iska sai wayar leɓen ta tsinke tayar ta fashe. A karanta abin da aka buga a jikin wili kafin a ɗauko lebar taya. Leɓen da bai zauna ba a 40 psi, a sauke iska a nemi dalili.

MaiKunkuru67: Allah ya saka. Saura batun tiyub. Tayoyin yanzu duk marasa tiyub ne, wilin kuma tsoho.

MaiFaci_Gwani: Ka cire taya ka duba cikin wilin, Alhaji. Wilin da aka yi don marar tiyub yana da ɗan tudu da ya kewaye shi kusa da inda leɓen taya ke zama, shi ke hana leɓen zamewa ciki idan iska ta ragu a kwana. In babu tudun, ko wilin mai sifok ne, ko mai ribit da ke yoyon iska, a sa tiyub. Amma da sharuɗɗa. Tiyub ɗin ya zama na radiyal, daidai girman tayar, don babba yana naɗewa ya tsage a wurin naɗin, ƙarami kuma ya miƙe ya yi siriri. A ɓare duk wata takardar da aka manna a cikin tayar, a shafa hannu a ji ko layukan cikin suna da kaifi, domin su ke goge tiyub har ya huje. A barbaɗa hoda. A wili mai sifok a sa zoben roba da ke rufe kawunan sifok ɗin. Sannan ba a sa tiyub a tayar da gefenta ya gaza 70, wanda wannan ma wani dalili ne na barin su 65 da 60.

Ramin bawul iri biyu ne, ƙarami wajen milimita 11.5 da babba wajen 16. Na tiyub TR13 ne na ƙarami, TR15 na babba. Na marar tiyub TR413 da TR415. Siririn bawul a babban rami yana motsi har ya yanke daga gindi, sai dai a sa masa ɗan zoben da ke cike ramin.

Dan_Geji: Ban yarda cewa rashin tudu kaɗai ya wajabta tiyub ba. An sayar da motoci da yawa da taya marar tiyub tun shekarun 1950, kafin tudun ya zama ruwan dare. Idan wilin waldarsa lafiya, ba tsatsa a mazaunin leɓe, yana riƙe iska, marar tiyub ta fi aminci wajen ƙusa, domin a hankali take sacewa, mai tiyub kuwa lokaci ɗaya take sauka. Tiyub kuma yana ƙara zafi.

MaiFaci_Gwani: Waɗancan masu zaren gicciye ne, Malam, gefensu da tauri, kuma ba sa kama ƙasa kamar radiyal ta yau. Ka haɗa gefe mai laushi, roba mai kamu, da iska 18 kacal a gaban Beetle, leɓe na iya zamewa a kwana mai tsanani. Kamfanonin taya da kansu tudun suke nema. Ni dai in babu tudu tiyub nake sawa.

Dan_Geji: A kan ƙarancin iskar gaban Beetle ka kawo hujja mai ƙarfi. A motar da ke ɗaukar 28 zuwa 30 ina nan a kan bakana.

Injiniya_Lissafi: Mu koma kan 504, don ba a ƙarasa ba. Zaɓi na farko 175/80R14, ita ce ta asali da sabon suna, yawanci 88T ko 88H. 88 na nufin kilo 560 kowace taya, T kilomita 190, H 210, duka sun wuce S ɗin da aka nema. In ba a samu ba, 185/75R14 ta fi kowace kusa, sai dai ba ta da yawa a ta ƙananan motoci. Sai 195/70R14, bambancin kashi 1 ne kacal, ita ce ma Mercedes suka sa wa manyan W123 yayin da ƙananan ke kan 175R14. Amma wilin 504 salun inci 5 ne, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da 195/70 ke karɓa, kuma a 504 marar fawa za a ji ta a hannu. 185/70R14 ta gaza da kashi 3.3, ta ɗan wuce iyaka, ta wucin gadi ce.

Sitiyari_Zalla: 175R14C da 185R14C fa? Su ne suka fi samuwa a wannan tsayin.

Bakanike_Tsoho: C ɗin na motocin kaya ne, irin bas da a-kori-kura. 185R14C mai lambar nauyi 102/100 tana ɗaukar kilo 850, gefenta ya yi tauri ƙwarai, an yi ta don iska mai yawa. A salun za ta kashe laushin da aka san 504 da shi, ta riƙa dukan shokozoba da bushin, kamunta a jiƙaƙƙen titi kuma sau da yawa bai kai na ƙaramar mota ba. A duba harafin gudu ma, da yawansu Q ne ko R, wato 160 ko 170, ƙasa da S. A 504 mai ɗaukar kaya babu laifi, wurinta ke nan. Sannan 185R14 tsayinta wajen 652 ne, ta ɗara 175R14 da kashi 2.5.

Irin wannan tarkon yana ƙananan lambobi ma. Akwai 145R10 da 5.20-10 da aka yi don tirela da ake ja kawai. Lambar ta yi daidai da ta Mini, amma ba a yi su don sitiyari da birki ba. A karanta duk rubutun da ke gefen.

Hajiya_404: Kuma kada a ɗauka lambobin da sun ɓace. Michelin na yin X, XZX da XAS a tsofaffin lambobi, Pirelli na yin Cinturato CA67 da CN36, Vredestein na da Sprint Classic. Siffar ta da ce, robar ta yau. XAS da ta fito 1965 zanenta na ciki da na waje ba ɗaya ba ne, a tabbata mai faci ya juya gefen da aka rubuta na waje zuwa waje. Da yawa daga cikin irin waɗannan an rubuta musu cewa da tiyub ake sa su, wannan ya raba gardamar MaiFaci da Dan_Geji a kansu.

MaiFaci_Gwani: Tun da lambobin ba sa tafiya da sauri a kasuwa, a duba shekara kafin a biya. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobi uku ne, kafin 2000 aka yi ta, ba ta da wurin zama a titi komai kyan zanenta. Tsohuwar mota ba ta cinye zane, tsufa ke kashe tayarta, robar ta bushe ta yi tauri. Daga shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara, a shekara goma a sauke. Motar da ke daɗewa a ajiye a ƙara mata iska ko a ɗora ta kan jak, don kada tayar ta kwanta a wuri ɗaya.

Oga_Alaimen: Duk wadda aka zaɓa, ga gwajin da ake yi da taya ɗaya kafin a ɗaura sauran. A sa ta a gaba, a sauke motar ƙasa, a ƙure sitiyari hagu da dama, a leƙa tazararta da fenda, tiyon birki, tayarod da sifirin. A nemi aƙalla milimita 10 zuwa 15 ko'ina. Gwaji a kan jak ba ya nuna gaskiya, domin taya a rataye take. Sai a sa mutane ko kaya a ciki, a shafa alli a kafaɗar tayar da gefenta, a bi hanya mai gargada a hankali tare da yin kwana, a dawo a ga inda allin ya goge. A maimaita a baya. Daga nan a gwada maleji da manhajar GPS ta waya a gudu 60 da 100.

Injiniya_Lissafi: Wanda tsohuwar tayarsa ke nan kuma yana son awo na zahiri, ya yi alama da alli a taya da ƙasa, ya tura motar juyi ɗaya cikakke, ya auna tazarar. Awon zai gaza lissafin tsayi sau 3.14 da kusan kashi 3 saboda lotsawar taya a ƙarƙashin nauyi, don haka a kwatanta awo da awo, lissafi da lissafi. Tsohuwar da ta suɗe kuma ta riga ta rasa milimita 10 zuwa 12 na tsayinta.

MaiKunkuru67: Na fahimta. A 504 zan nemi 175/80R14, in ta gagara 195/70R14 bayan gwajin alli. A Beetle an duba, 4J x 15 aka buga a wili huɗu, amma na safaya 4½J ne. Wannan zai canza wani abu tsakanin 155 da 165?

Dan_Geji: Rabin inci a wili yana ƙara wa faɗin taya wajen milimita 5, tsayi kusan ba ya motsi. A matsayin safaya ba matsala. Sai dai ka tabbata ramukan notinsa biyar ne masu faɗin tazara irin na 1967, domin daga 1968 Beetle ta koma noti huɗu, kuma ka gwada shi a gaba ka ga bai taɓa komai ba idan an ƙure sitiyari.

Hajiya_404: Huɗun da ke ƙasa su ke yanke hukunci, kuma inci 4 ne. Ina kan 155R15, mai 82 a lambar nauyi, kilo 475 kowace, ya ishi Beetle har da rara.

Injiniya_Lissafi: Ni kuma 165R15 idan yawancin tafiyar doguwa ce a babban titi. Malam MaiKunkuru, ka faɗa mana ko akwai tudun nan a cikin wilin idan an cire taya, don a san irin bawul ko tiyub da za a haɗa da ita.